Ina ake neman tallafin aikin aji? Na gaji da cike fom ɗin da ba namu ba

Malamar CM1, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Ina koyarwa a wata firamaren gwamnati a nan Garwa, arewacin Kamaru, ajin CM1 (wato aji biyar), yara 87 gare ni bana. Akwai wani yaro a bencin baya da ke taya uwarsa sayar da albasa da yamma. In ka ba shi jaka biyar ka sayi kashi uku, kafin ka rufe baki ya miƙo maka canjinka daidai. Amma ranar da na rubuta a allo a raba mita 3 gida huɗu, sai ya zuba mini ido kamar na yi masa yaren Sin. Washegari na aro awon tela na maƙwabciyata, na fitar da su waje muka auna bangon aji. Wallahi rabin waɗanda ba sa ɗaga hannu a ranar suka yi magana.

Tun daga nan nake son in yi ɗan lambu a bayan aji, fangali shida kawai: zogale, rama, yakuwa, albasa. Yara su auna tsawo da faɗi, su ƙirga litar ruwan da suka zuba, su ɗora abin da aka tsinka a sikeli, su rubuta komai da Faransanci a littafi guda. Lissafi da kimiyya da rubutu duk a wuri ɗaya. Na yi ƙiyasi, da waya ta shinge da bokitan ban ruwa da sikeli da iri da ganga biyu, abin zai kai sefa 180,000. Albashina ba zai ɗauka ba.

Na shiga intanet na ga gidauniyoyi barkatai da ke cewa suna ba malamai kuɗin irin wannan aiki. Dare biyu na kashe ina cike wani fom, ɗana yana fassara mini Turancin, sai can ƙarshe aka ce in zaɓi jihata, kuma jihohin Amurka ne kaɗai a jerin. Shin akwai wanda ya taɓa samun irin wannan tallafi a nan arewa? Ta ina ake farawa?

Ɗan Sabongari, Gaundare:

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da asarar data. Yawancin abin da ke fitowa a sama in an yi bincike na malaman Amurka ne. DonorsChoose, alal misali, wani malami Charles Best ne ya kafa ta a shekarar 2000 a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma malaman makarantun gwamnatin Amurka kaɗai take yi wa aiki. Kafin ki rubuta harafi ɗaya, ki fara neman layin da ya faɗi su wa suka cancanta.

Na kusa da mu: ofishin jakadancin Japan a Yawunde yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma, sai dai ya fi karkata ga gina azuzuwa da rijiyoyi. Na Amurka ma a da yana da asusun taimakon kai da kai, wanda sai al'umma ta zuba nata kason. Gidauniyar Orange kuwa kaya take bayarwa, allunan hannu da ƙaramar na'urar da ke ɗauke da darussa ba sai da intanet ba. UNICEF da Plan International suna aiki a yankinmu, amma ta hannun hukumomin ilimi suke bi, ba sa ɗaukar takarda daga malami shi kaɗai.

Kuma duk wanda ya turo miki saƙo a WhatsApp cewa an zaɓe ki, ki aika kuɗin buɗe fayil ta waya, ɓarawo ne. Wani abokin aikina jaka goma sha biyar ya yi ta haka.

Tsohon Darakta, Marwa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, tunaninki mai kyau ne. Amma bari in ba ki labarin nawa lambun kafin ki sayi waya.

Lokacin ina riƙe da wata makaranta a gefen gari, wata ƙungiya ta ba mu iri da fatanya da bokitai. Muka yi murna, aka ɗauki hoto. Mun shuka a watan Mayu saboda mu tari damina. A watan Yuni aka rufe makaranta. Ko da muka dawo a Satumba, abin da awakin unguwa suka bari ciyawa ta shanye shi, fartanya goma sha biyu saura huɗu. Mai gadin ya rantse bai ga kowa ba, ni kuma ban matsa ba, don wata uku ba a biya shi ba. Da masu ƙungiyar suka zo duba aiki, kunya ta sa na ce musu ina da taro a wajen sufeto.

Abin da ban lissafa ba shi ne damina tamu tana faɗowa ne cikin dogon hutu. Lambun makaranta a arewa lambun rani ne, daga Oktoba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi. Ke da kike Garwa kin fi ni sanin abin da Maris da Afrilu ke yi wa ganye in zafi ya haura 40. Don haka tambayar farko da duk mai hankali zai yi miki ita ce ruwa. Akwai famfo ko rijiya a makarantar? In mai kura za ki riƙa saye, jarka nawa a rana, nawa ke nan a wata huɗu? Ban ga wannan a cikin 180,000 ɗinki ba. Wa zai yi ban ruwa Asabar da Lahadi, da hutun Disamba?

Na biyu, kada ki tsallake daraktanki. Ba wanda zai zuba kuɗi a aljihun malama, komai gaskiyarta. Sunan makaranta ko na ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, shi ke zama a takarda, da asusun banki mai sa hannun mutum biyu. Ki kai wa darakta maganar tun tana ɗanya, ki bar shi ya ƙara ko da fangali ɗaya ne don ya ji da shi aka yi. In ba haka ba, ranar da kike buƙatar hatiminsa za ki tarar ya tafi ta'aziyya. Daga nan ku sanar da sufeton yankinku a rubuce. Kuma ki nuna a takardar cewa manhajar firamare ta 2018 da kanta ta ce a koyar ta hanyar ayyuka, ba wani abu kika ƙirƙiro daga kanki ba.

Maman Fadila, Njamena:

'Yar'uwa, na yi shekaru ina karanta irin waɗannan takardun neman tallafi a wata ƙungiya, to ga abin da na gani. Kashi mafi yawa suna farawa da shafi biyu kan muhimmancin ilimi ga cigaban Afirka. Mai karantawa ya san wannan, kuma akwai takarda arba'in a gabansa. Labarin yaron albasa da kika ba mu a sama, shi ne farkon takardarki, a layi biyar, ba tare da sunansa ba.

Sai ki yi abin da kusan ba mai yi: ki gwada yaran tun yanzu. Tambaya goma kan mita da lita da kilo, ki rubuta nawa suka ci rabi. A ƙarshen aikin ki sake ba su irinta. Wannan 'yar jarrabawar ta fi kalmar "sabon salo" da kowa ke cusawa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kasafin kuɗi kuma kada ki rubuta "kayan lambu, 100,000". Ki je kasuwa ki karɓo takardar farashi daga shago biyu, kowane abu da layinsa: waya mita kaza sau kaza. Ki sa gudummawarku a gefe da darajarta a kuɗi, fili, taki daga gidajen iyaye, aikin kafa shinge. In da Yuro suke bayarwa, lissafin ba wuya tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, kuɗinki bai ma kai Yuro 300 ba. In kuma an ba ku, kowane rasit ki manna shi a littafi ranar da aka saya. Mai sayar da taki ba shi da rasit, to ki rubuta da hannu ya dangwala. Makarantu da yawa ba a sake ba su ba don rahoto kawai suka kasa kawowa.

Alhajin Kantin Kwano:

Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, ku yi mini afuwa. Malama, don jaka ɗari da tamanin za ki jira Turawa wata takwas? Kafin su amsa yaranki sun shiga CM2 suna fama da CEP, jarrabawar gama firamare. Ki rubuta takarda shafi ɗaya da hatimin darakta, shugaban iyaye ya zaga da ita wajen 'yan kasuwar unguwa bayan Juma'a. Wani ba zai ba da kuɗi ba amma zai ba da ganga. Ku kai kwafi ofishin magajin gari ma, tunda su ke raba wa makarantu alli da rajista a farkon shekara. Ni na ɗauki bokitan ban ruwa huɗu, ki turo wanda zai karɓa.

Tsohon Darakta, Marwa:

Alhaji ya yi gaskiya rabi. Ku fara da na gida, fangali biyu ma ya isa. Hoton zogalen da ya riga ya tsiro shi ke sa na nesa su saki hannu. Sai dai kayan unguwa ma a rubuta su a littafi, don bakin mutanenmu ya fi na masu binciken kuɗi kaifi.

Malamar CM1, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Darakta, ka kama ni, ban lissafa ruwa ba ko kaɗan. Akwai famfon tuƙa-tuƙa a makarantar amma tun bara hannunsa ya karye, yau na tambayi mai gyara ya ce zai zo ya duba ranar Laraba. Na yi wa daraktanmu maganar da safe, ya ce a ƙara tumatir, na ce to. Jarrabawar da Maman Fadila ta ce na yi ta ɗazu bayan hutun tara: cikin 81 da suka zo, 19 ne suka ci rabi, kuma yaron albasa ba ya cikinsu.

Alhaji, ƙanena zai zo karɓar bokitan gobe in Allah ya kai mu. Saura sikeli. Wanne ya fi dacewa da yara, mai rataya ko mai faranti? Na ga mai faranti ya fi tsada, amma ina tsoron mai ratayan ba zai nuna giram 200 na yakuwa ba.