Rabo ne ko tunani? Tambaya a kan kuɗin shinkafa

Ɗan Fadama, Argungu

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun daga watan Nuwamba na 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, kuɗin da ba a saba gani ba ya shigo hannun manoman shinkafa a Argungu da Augie da Suru da Bunza. An buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, sannan aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafar gida ta ƙara daraja. Amma idan aka duba yau, za a tarar da mutum biyu masu maƙwabtaka a fadama ɗaya, ɗaya ya ƙara gona ya sayi shanu, ɗayan kuwa har injinsa na ban ruwa ya sayar, bashi kuma yana kansa. Dattawa suna cewa rabo ne, samari masu sauraron masu jawabi a Facebook kuma suna cewa arziki da talauci duk a tunanin mutum suke. Wanne ne gaskiya?

Almajirin Gwandu

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayar ta raba abin da addini bai raba ba, domin wanda ya rubuta wa bawa arzikinsa shi ne ya umarce shi da riƙon sababi. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Abdurrahman bin Auf ya isa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'a ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa kasuwa. Annabi Yusuf ma da ya fassara mafarkin sarki bai tsaya ga fassara ba, ya ba da shawarar a bar hatsin shekaru bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya cinye iri sannan ya ce haka Allah ya rubuta, kamar yadda nake ƙin mai cewa dabararsa ce kaɗai ta ba shi.

Hajiya Mai Awo, Jega

Allah ya gafarta Malam, ka yi bayani, amma ka bar ni in sauko da maganar ƙasa, domin mu da muke zaune gaban buhu da tiya muna ganin inda kuɗin yake bi. Ɗana, babban abin da ya raba mutanen nan biyu shi ne ɗaya ya san bambancin uwar kuɗi da riba, ɗayan kuwa aljihu ɗaya gare shi. Manomi zai sayar da shanshera buhu hamsin, ya riƙe kuɗin a hannu ya ji shi attajiri ne, alhali a cikin kuɗin nan akwai na taki da na mai da na 'yan ƙwadago da na iri na baɗi, kuma idan aka cire su abin da ya rage bai kai yadda yake zato ba. Tun da bai rubuta ba, kuma bai sa yaronsa ya rubuta masa ba, sai ya ci uwar kuɗi yana tsammanin riba yake ci.

Bayan haka akwai gaggawa. Da kaka kowa ke kawo amfani kasuwa, saboda haka a lokacin ne kaya ya fi araha, amma a lokacin ne kuma ake sa ranar biki, a haɗa lefe, a sayi sabon babur. Mai haƙuri yakan sayar da abin da zai biya bashi kawai, ya zuba saura a rumbu ko a ɗaki har farashi ya motsa. Ku dubi manoman albasa na Aliero, waɗanda suka iya adana ta su ne suke cin moriyarta, ko da yake albasa ba ta da haƙurin shinkafa, takan ruɓe idan iska ba ta ratsa ta.

Sai kuma abin da ba a son faɗa, wato kunya. Da yawa daga cikinmu ba mu iya cewa babu ba, har mutum ya ɗebi jarinsa ya bayar don kada a ce ya yi rowa. Zumunci wajibi ne, zakka ma haka, kashi ɗaya cikin goma ga noman damina da kashi ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da wahala, idan ya kai nisabi. Amma wanda ya ware abin taimako tun farko ya fi daɗewa yana taimako a kan wanda ya rabar da jarin a shekara ɗaya. Game da rancen kuwa, kowa ya ji masu cewa ai rabonsu ne na gwamnati, kuma wanda ya ɗauki bashi a matsayin kyauta ba zai juya shi yadda ake juya jari ba.

Bazamfare, Talata Mafara

Hajiya, ban musa miki ba, amma ina jin tsoron irin wannan magana idan ta faɗa bakin wanda cikinsa ke ƙoshe. A nan Zamfara akwai mutanen da suka fi kowa tattali, masu rumbuna da garken shanu, waɗanda 'yan bindiga suka raba da komai a dare ɗaya, wasu kuma sai sun biya kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. Wane tunani ne ya talauta su? Ku ma a Kebbi ambaliyar 2020 ba ta tambayi wanda yake rubuta lissafinsa ba kafin ta cinye gonaki. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma duk mai noman rani da inji ya ji a jikinsa. Iyakar abin da zan yarda da shi shi ne, a cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Gusau da nan Mafara, wanda ya zo da sana'ar hannu kuma bai ji kunyar farawa da tallan rake ko dako ba ya fi saurin miƙewa a kan wanda yake jiran a mayar masa da matsayinsa na da.

Ɗan Fadama, Argungu

Na gode ƙwarai. Hajiya, to wanda abinsa kaɗan ne, buhu goma ko ƙasa da haka, ta ina zai fara? Adashi ya wadatar?

Hajiya Mai Awo, Jega

Adashi yana koyar da tarawa, ɗana, amma ka lura da cewa a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, don haka wanda ya kwashi na ƙarshe ya karɓi kuɗin da ba zai sayi abin da na farko ya saya ba. Idan ka shiga, kada kwasarka ta kwana a matsayin takarda, ka mayar da ita taki tun kafin damina ta sa ya yi tsada, ko tunkiya da matarka za ta kiwata zuwa Babbar Salla. A cikin buhu goman nan, ka fara fitar da haƙƙin Allah idan ya kai, ka ware na abinci da na iri, ka biya wanda yake binka, sannan ka sami littafi ka rubuta abin da ka kashe tun daga sharar gona har zuwa kuɗin motar da ta kawo kayan kasuwa. Bazamfare kuma, Allah ya kawo muku zaman lafiya, maganarka tana kan hanya, shi ya sa ban ce a tara komai a rumbu ɗaya ko a gari ɗaya ba.