Wai sabuntawa ce ko sauya manhaja? Rigimar akwatunan Wyse

Abban Nana: Salamu alaikum 'yan uwa. Tun safe raina a ɓace yake. Ɗan kwangilar da ke kula mana da na'urori ya zo ranar Asabar ya ɗaga akwatunan Wyse 5070 na ofishinmu, ƙananan kwamfutocin nan na kamfanin Dell da ke aiki ta hanyar saba, daga manhajarsu ta ThinOS 8.6 zuwa 9.1. Ko guda ɗaya bai gwada ba tukuna, gaba ɗaya ya tura. Yau Litinin ma'aikata sun zo, kowane akwati ya tashi fayau, ba adireshin saba, ba firinta. Fayil ɗin saitin akwatunan, wato wnos.ini, da na yi shekaru ina gyarawa yana nan a sabar FTP, mai ajiye fayiloli, amma ba akwatin da ke ko kallonsa. Kuma wai laifina ne, in ji shi. Ni dai na ce sabuntawa ba ta isa ta cinye wa mutum saiti ba, gangancinsa ne. Ko ƙarya na yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka. Amma gyara kalmarka, wannan ba sabuntawa ba ce. Daga 8.5 zuwa 8.6 ita ce sabuntawa. ThinOS 9 manhaja ce daban da aka sake ginawa, ba ta karanta fayil ɗin INI sam. Saitinta daga Wyse Management Suite (WMS), sabar da ke kula da akwatunan, yake zuwa, ko ka shiga Admin Policy Tool a jikin akwatin ka sa da hannu.

Ɗan Zariya: Haba Injiniya. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, lamba ce ta tashi daga 8 zuwa 9, ka ce ba sabuntawa ba? To mece ce?

Injiniya: Sauyi ne. In ka rushe gidan ƙasa ka yi na bulo a filin, gyaran gida ka yi?

Ɗan Zariya: Ai lambar gidan ba ta canza ba. Kuma su kansu masu abin haka suke kiransa.

Maman Hanif: Malam Injiniya ya fi gaskiya. Da sabuntawa ce, da tsofaffin 5010 ɗinmu sun karɓa. Ba sa karɓa. Da 9.0 ta fito a 2020 ma Citrix kaɗai take yi cikin manhajojin haɗa akwati da saba, masu VMware Horizon sai da suka jira 9.1. Wace irin sabuntawa ce za ta zo ta rage maka abin da kake da shi?

Ɗan Zariya: Hajiya, ai kin ƙara min hujja ne. Sabuntawa ce mara kyau, shi ke nan. Mara kyau ba ya nufin ba ita ba ce.

Abban Nana: Jama'a, ni maganar ɗan kwangila na kawo.

Baba Tsoho: Yaran nan kun ƙi jinin INI ne kawai don ba shi da maɓallan dannawa. Fayil ɗaya, ka buɗe da Notepad, ka gyara layi ɗaya, duk akwatunan ofis su ɗauka da sun tashi. DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, ya nuna musu saba da lamba 161, an gama. Yanzu sai ka kafa wata saba ta daban don kawai ka gaya wa akwati ina firinta take.

Injiniya: Baba, da girmanka, wannan sauƙin shi ne matsalar. A Disambar 2020 masu bincike na CyberMDX suka fallasa ramuka biyu a 8.6, duka aka ba su maki 10 cikin 10 na haɗari. Sabar FTP a buɗe take ba kalmar sirri, duk wanda ke kan layin ofis zai iya karanta fayil ɗin INI, ya ma rubuta nasa a ciki.

Baba Tsoho: Wanda ya bar FTP ɗinsa a buɗe shi ya jiyo. Nawa HTTPS ne, mai tsaro, tun kana makaranta.

Injiniya: Baba, ba sai an kai ga shekaru ba.

Sarkin Waya: Duk wannan wahalar ku kuka so. Ku sa IGEL, manhajar wani kamfanin daban, a kan akwatunan ku huta. Mu ba mu san wannan ciwon kan ba.

Maman Hanif: Ba ku san shi ba? IGEL OS 12 ba sai da sabar kula da ita, UMS 12, take tafiya ba? Kai ne nan wata uku da suka wuce kake neman wanda zai taya ka.

Sarkin Waya: Kawo inda na faɗa.

Maman Hanif: Ka goge ai.

Sarkin Waya: To ba hujja ke nan. Kuma kowa ya san ofishinku a wajen wa yake sayen kaya, shi ya sa ba kya son a taɓa su.

Maman Hanif: Ka ji tsoron Allah. Ni da na fara kushe 9.0 a nan?

Ɗan Zariya: Mu koma kan magana. Ni har gobe sabuntawa ce. Wayarka in ta tashi daga Android 12 zuwa 13 me kake cewa?

Injiniya: Lambobin mutanenka suna ɓacewa in ta tashi? Ka ga bambancin ke nan.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, don Allah. Abin da na fahimta: yawancinmu mun yarda da Injiniya cewa 9 sauyi ce, ba sabuntawa ba, kuma zamanin INI ya wuce, masu riƙe da shi sabo ne kawai ke damunsu. Mu a wajenmu tun tuni muka koma WMS, ba mu yi nadama ba. Abban Nana, ka kafa WMS, ka buɗe rukuni, ka bi fayil ɗinka layi-layi kana sa kowane saiti da hannu, sannan ka nuna wa akwatunan sabar WMS ta hanyar DHCP da lamba 165, makullin rukuni da 199. In kuma 8.6 kake son komawa, sai da filashi da USB Imaging Tool, akwati ɗaya bayan ɗaya. Ban ba ka shawarar haka ba.

Baba Tsoho: Su wane ne yawancin? Ni na ƙirga mutum biyu, da kai uku.

Abban Nana: Na gode Shugaba, zan fara da akwati ɗaya yau da daddare. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan mutumin da ya tura wannan abu ga ofis guda bai gwada ba, bai kuma tambaye ni ba. Gobe zai kawo takardar kuɗin aikinsa. In sa hannu ko kar in sa?