Neman shawara: binciken kohot a kan aikin dare da hawan jini

Mai tambaya: Salamu alaikum, malamai. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Ina so in gano ko aikin dare yana jawo wa ma'aikatan jinya hawan jini, ta hanyar binciken kohot, wato bin rukunin mutane tsawon lokaci don a ga waɗanda za su kamu. Wata 18 gare ni. Ta ina zan fara, kuma mutum nawa zan ɗauka?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malama. Sharaɗin farko, kada ki saka mai hawan jini tun daga farko. Ki auna kowa a ranaku biyu daban-daban, wanda awon jininsa ya kai 140/90 ko yake shan magani ki cire shi, don sababbin kamu ake ƙirgawa. Sannan ki fayyace mene ne "aikin dare" a rubuce: dare nawa a wata, tsawon shekara nawa.

Amma wata 18 ya yi kaɗan. Binciken zuciya na Framingham a Amurka ya fara a 1948 da mutum 5,209, kuma an yi shekaru kafin sakamako ya fito. Idan asibitin yana da cikakken rikodin lafiyar ma'aikata da jadawalin aiki, ki koma baya: ki ɗauki waɗanda ba su da cutar shekara 5 da suka wuce, ki bi takardunsu zuwa yau. Rikodin mai giɓi kuwa, kada ma ki fara.

Amsa ta biyu: Batun adadi. A ce kina tsammanin kashi 8 cikin ɗari na masu aikin dare za su kamu, masu rana kashi 4, wato haɗari ya ninka biyu. Da ƙarfin bincike na kashi 80 (wato damar gano bambancin idan da gaske akwai shi), za ki buƙaci kusan 550 a kowane rukuni. Idan kashi 20 za su ɓace miki kafin a gama binciken, raba 550 ake yi da 0.8, ya zama kusan 690, ba ƙara kashi 20 ba. Shafin intanet na OpenEpi zai lissafa miki kyauta.

Amsa ta uku: Abin da ya fi ɓata irin wannan bincike shi ne wanda jikinsa ya fara nuna alama a kan mayar da shi aikin rana. Sai masu ƙoshin lafiya su rage a dare, sakamako ya nuna kamar aikin dare kariya ne. Don haka ki riƙa rubuta ranar da kowa ya sauya shif, ki lissafa watannin da ya yi a kowane ɓangare.

Ki tattara shekaru, nauyi da tsayi, shan taba da tarihin hawan jini a dangi tun ranar farko, domin sau da yawa masu ƙananan shekaru ake bari da aikin dare. Lambar waya biyu ga kowane mutum, don kada ya ɓace miki. Kuma ko takarda ɗaya kada ki buɗe sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa miki hannu.