Allunan na'urar cajin sola daga Shenzhen: wane gwaji zan nema kafin in biya?

Sani, Marwa:
Assalamu alaikum jama'a. Na gama zanen allon lantarki na cikin na'urar daidaita cajin batirin sola, ina so wata masana'anta a Shenzhen, ƙasar Sin, ta buga shi, ta ɗora kayan. A takardar farashi sun jera AOI da eksire da gwajin aiki, kowanne da kuɗinsa. Jarina kaɗan ne. Wanne zan ɗauka, wanne zan bari?

Malam Bello, Garwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka bar AOI. Kyamara ce da ke bin saman allo bayan ya fito daga tandar narka dalma. Tana kama kayan da aka manta, da dayod ɗin da aka juya, da dalmar da ta haɗe ƙafa biyu, har ƙaramin rezisto da ya miƙe tsaye a kan ƙafa ɗaya. Amma iyakarta abin da ido zai gani. Ƙananan kafasiton nan na siramik ba rubutu a jikinsu, in an ɗora wanda ba shi ka nema ba, lafiya lau za ta wuce shi.

A'isha, Ngaundere:
Sani, akwai BGA ko QFN a allon, wato cip masu liƙi a ƙarƙashinsu? In babu, ka riƙe kuɗin eksire. Amfaninsa leƙa dalmar da ta ɓuya a ƙarƙashin cip.

Sani, Marwa:
Akwai QFN guda, Yaya A'isha. Shi ma ya fi ɗaukar zafi.

A'isha, Ngaundere:
To ka nema, ko a kan 'yan kaɗan ne, kuma su turo maka hoton. A ƙarƙashin QFN akwai faffaɗan ƙarfe da ake liƙawa da allo, ta nan zafi yake fita. In iska ta maƙale a dalmar wurin, a hoto za ka ga fararen ɗigo-ɗigo. Allon zai tashi, zai yi aiki a kan tebur, sai rana ta take a watan Afrilu ya fara ɗaukewa.

Alhaji Musa, Injamena:
Ku yara kuna ta lissafin na'ura, ba wanda ya ambaci takarda. Sani, ka rubuta musu ƙarara cewa a duba aikin bisa IPC-A-610, wato ƙa'idar ingancin haɗa allunan lantarki, aji na 2. Aji uku ne: na 1 kayan da ba a damu su daɗe ba, na 2 wanda ake so ya jure aiki, na 3 irin na asibiti da jirgin sama, wanda tsayawarsa hatsari ce. In ba ka rubuta ba, ran da gardama ta tashi ba ka da madafa. Sannan tun a zane ka bar wuraren da allurar gwaji za ta taɓa. Kada ka yarda a ƙera maka faifan allurai na ICT, mai gwada kayan da ke kan allo, wannan sai mai buga dubbai. Akwai injin da allurarsa ke yawo da kanta, shi ya dace da ƙaramin oda.

Malam Bello, Garwa:
Gaskiya ne Alhaji. Ni dai gwajin aikin ma a can masana'antar zan so a yi. Kayan da ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya bi mota har Marwa, wa zai mayar da shi?

A'isha, Ngaundere:
Malam, a nan kam ban bi ka ba. Su a ɗaki mai sanyi za su kunna shi, fitila ta kama, su ce ya ci. Gara ya fara da oda kaɗan ya gwada da hannunsa. Sani, kafin ka ba shi wuta ka sa mita tsakanin layin wuta da na ƙasa, ka tabbata ba su haɗe ba. Kunnawar farko kada ka yi da batir kai tsaye, ka yi da na'urar ba da wuta wadda ake iyakance mata amfiya. Bayan nan ka rufe shi a akwatinsa, ka ɗora masa cikakken lodi, ya wuni ya kwana a ɗakin kwano. Zafin Marwa yana haura digiri 40, cikin akwati kuwa ya fi haka nesa.

Alhaji Musa, Injamena:
'Yata ta faɗi daidai. Ka duba dogayen kafasiton ma, su zama masu jure zafin digiri 105, kada a sa maka masu 85. Duk ƙarin digiri 10 yana cin kusan rabin rayuwarsu. Ka kuma tambayi irin dalmar. Mai gubar tana narkewa a digiri 183, marar gubar sai wajen 217, kuma ba ta sheƙi sosai, kada ka ga dishi-dishi ka ɗauka liƙin bai kama ba.

Malam Bello, Garwa:
Na yarda da oda kaɗan ɗin, amma in ya zo babba a gwada kowanne a can. Kuma in kayan sun iso da hunturu, a kula. Busasshiyar iska tana tara caji a jiki, taɓawa ɗaya ta isa ta raunata MOSFET, wato transistan da ke buɗe wuta da rufe ta, ba ka ji komai ba. Ka ɗaura igiyar hannu ta sauke cajin jiki, mai rezisto megom 1, ka bar allunan a ledarsu sai lokacin aiki.

Sani, Marwa:
Allah Ya saka da alheri. Yau zan koma kan zanen in ƙara wuraren allura. Igiyar hannun fa, ana samu a Garwa?

Malam Bello, Garwa:
Ina da guda biyu a shago. Zan ba direba ya kawo maka ɗaya, ka auna ta da mita in ta iso.