Kawu ya ce sai na rubuta a takarda kafin ya sa jari

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi. Tun da injin niƙan garinmu ya lalace, yara sai sun taka zuwa ƙauyen gaba da ƙwaryar gero a ka. Na kai wa kawuna da ke Kano maganar in kafa injin niƙa, ya ce zai sa kuɗi, amma sai na kawo masa tsarin sana'ar a rubuce. Yau kwana 3 takarda na gabana, ban da kuɗin inji da na rumfa ban iya rubuta komai ba. Me ake sawa a ciki?

Mai turara shinkafa, Kura

Wa alaikassalam ɗana. Ni karatuna bai yi nisa ba, 'yata ce ta rubuta mini nawa a ragowar littafinta na makaranta. Na yi shekara 2 ina turara, ciniki ba ya yankewa, amma kuɗi sun ƙi taruwa. Ranar da muka zauna, buhu ɗaya muka bi tun daga hannun manomi har kasuwa: kuɗin shanshera, itace, ruwan 'yan ga-ruwa, yaran da ke shanya suna juyawa, kuɗin casa, buhun zubawa, ɗan dako. Duk na san da su, amma ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Sai yarinyar ta ce, "Umma, wadda kike ɗiba ta tukunyar gida fa?" Na yi shiru. Kullum sai na ɗebi kwano guda, ina ganin ai tawa ce. Buhu kwano 40 ne, ka ga duk kwana 40 buhu guda ya tafi ba labari. Kai ma haka za ta same ka: niƙan gidanku, na gwaggo, na surukai, ba wanda za ka iya miƙa wa hannu. Ka yi masu, zumunci ne, amma ka rubuta man da suka ci. Kuma ka yanka wa kanka abin cefane na mako, kada hannunka ya riƙa shiga gwangwanin ciniki.

Mai kiwon kaji, Gaya

Abokina, abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka ba wani ya rubuta maka. Lokacin da na nemi rance na je wani shagon buga takardu na biya, aka ba ni shafuka da yawa da Turanci, gwanin kyau. Da na zauna gaban wanda ke tantancewa, tambayarsa ta farko ita ce buhun abinci nawa kaji 200 za su ci kafin su isa yanka. Ban sani ba. Takardar ma ba ta ce ko ɗaya za ta mutu ba, alhali duk mai kiwo a nan ya san abin da zafin Maris zuwa Mayu ke yi wa kaji. Ban samu rancen ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Daga baya na koya da hannuna: kazar yanka tana cin kilo 4 zuwa 5, buhu kilo 25 ne, don haka 200 sai ka tanadi buhu 32 zuwa 40. Yanzu tsarina shafi 2 ne da Hausa, kowane layi zan iya kare shi. In wata rana za ka je banki, za su so ganin rajistar sunan sana'a ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da asusu, amma wannan sai sana'a ta tsaya da ƙafarta.

Mai turkar raguna, Maigatari

Ƙanena, ka raba takardarka wata-wata, don shekara ba fuska ɗaya gare ta ba. Ni nakan sayi raguna a kasuwarmu ta Alhamis wata 3 ko 4 kafin Babbar Sallah, amma harawa da dusa tun da kaka nake tarawa, don da bazara kuɗinsu ba ya taɓuwa. Sallar kuma kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11, sai lissafin ya motsa.

Inji ma haka yake. Da kaka ba za ka samu lokacin cin abinci ba. Da azumi markaɗen wake da gero zai riƙe ka. Amma da damina ta yi nisa, wajen Agusta, rumbu ya yi ƙasa, rabin masu zuwa "rubuta mini" za su ce. Ka yanke tun yanzu iyakar bashin da za ka iya ɗauka. Sannan ka yi lissafin mai sau biyu, da kuɗin yau da kuma ninkinsa. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, fetur ɗin da bai kai naira 200 ba ya haura 500 cikin 'yan kwanaki, injina da yawa a wajenmu tun lokacin ba su sake tashi ba. Kuma kai ɗan ƙasar Ringim ne, ba sai na tuna maka ruwan 2022 ba: kafa rumfar a kan tudu.

Tsohon malamin firamare, Birnin Kudu

Yaro, duk sun faɗi gaskiya, saura babba. Kuɗin kawunka rance ne, kyauta ce, ko ƙiradi? Ka tambaye shi baki da baki, ko da kunya za ta kama ka. In rance ne, za ka mayar da abin da ka karɓa, ba ƙari. In ƙiradi ne, wato shi da kuɗi kai da aiki, ana raba riba da kaso, rabi ko sulusi, ba a yanka wani adadi tsayayye. In kuma aka faɗi ba da sakacinka ba, shi ya yi asarar kuɗinsa, kai ka yi asarar wahalarka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu. Na taɓa shiga sulhun wa da ƙani a kan babur ɗin haya, ɗaya na cewa taimako ne, ɗaya na cewa haɗin gwiwa ne. Har yau matansu ba sa shiga gidan juna, abin na ci mini rai.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Na bi maganarku. Jiya da shekaranjiya na zauna a gindin injin ƙauyen gaba tun hantsi har la'asar, ina jan layi a takarda duk ƙwaryar da aka ajiye, na ware na mutanen garinmu daban. Mai injin bai ɓoye mini komai ba: man da yake sha a wuni, baƙin mai, bel da ke tsinkewa, da kuɗin wasa dutse, wanda ko a mafarki ban sa a lissafi ba. Allah gafarta Malam, na kira Kawu da daddare, ya ce ƙiradi yake nufi, kuma ya ji daɗi da na tambaya.

Abu ɗaya ya rage. Don Allah wanda ya yi aiki da inji mai gas da mai fetur ya faɗa mini wanne ya fi jure niƙan masara, don ranar Asabar in sha Allah zan shiga Kano da takardar.