Ku zo mu tona wa kanmu asiri: ɓarnar da muka yi da sifana a hannu

Mai Golf Ja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kullum a nan kowa gwani ne, da an kawo matsalar mota sai mutum goma su fito da magani. Yau ina so mu ajiye gwaninta, kowa ya faɗi ranar da ya tafka abin kunya a kan mota ko babur. Bari in fara da kaina don kada a ce na tsokano tsuliyar dodo na gudu.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ce ba zan ƙara biyan kuɗin juyen baƙin mai ba, ai ba wani aiki ba ne. Ranar Asabar na je Ƙofar Ruwa na sayo galan ɗin baƙin mai na lita 4 da filta, na dawo na shiga ƙarƙashin Golf ɗina a ƙofar gida. Na kwance notin ƙasa, tsohon mai ya tsiyaye a roba, na ɗora notin a kan wani bulo. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, ina dubawa surukina ne. Kun san gaisuwar suruki, har rusunawa nake yi alhali ba ya ganina. Muka yi minti goma ana ya iyali ya zafi. Ina ajiye wayar na buɗe bonet na ɗaga galan na tuttula. Ina jin daɗi, ina cewa yau na ci riba. Sai 'yata mai shekara huɗu ta ja min riga ta ce, "Abba, mota tana fitsari." Ina leƙawa, ga sabon mai garai-garai yana bin gangare zuwa ƙofar maƙwabcina, ga noti yana zaune a kan bulo yana kallona. Kuɗin da na so in rage sai da na biya ninkinsa uku, ban da buhun ƙasa da na zuba a ƙofar gidan mutane.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi wa yarinyar nan sayayya, don ita ta cece ka. Da ka rufe bonet ka tayar, da yanzu maganar inji ake yi ba ta galan ba. Inji ba mai ba ya daɗewa yake bugawa.

Nawa ya fi naka muni don motar mutane ce. Ina yaron gareji, shekarata ta biyu, Oga ya bar min juyen wata Carina E ta wani Alhaji ya tafi sayo kaya. Na cire tsohuwar filta, ashe robarta ba ta biyo ta ba, ta manne a jikin inji. Wurin baƙi ƙirin, ban kai yatsa na shafa ba. Na ɗaura sabuwa a kai, roba ta hau roba. Abin haushin shi ne da ka tayar a tsaye komai lafiya lau, sai an taka totur mai ya yi ƙarfi sannan ɗaya ta fice ta gefe. Alhaji ya biya, har ya ba ni na goro, ya fita. Oga na dawowa ya tsaya a bakin gareji yana kallon ƙasa, layin mai ne siriri tun daga inda motar ta tsaya har titi. Bai ce min komai ba, ya haye babur ɗinsa ya bi layin nan kamar mai bin sawun ɓarawo. Ya same shi a bakin shataletale, jar fitilar mai ta kama, shi kuma Allah ya sa mai tsoron fitila ne, ya kashe motar. Da suka dawo na shirya wa duka. Oga bai taɓa ni ba. Ya ciro tsohuwar robar ya zira ta a zare ya rataya min a wuya, na yi sati ina yawo da ita a gareji kamar laya. Yau shekara fiye da talatin, ban taɓa ɗaura filta ban juya tsohuwar na ga robarta da idona ba.

Ɗan Boxer: Baba, wallahi gara duka da wannan laya. Ni nawa yatsa ne ya biya. Na kafe Boxer ɗina a kan babbar ƙafarta, tayar baya tana lilo, zan wanke cen. Sai wayo ya zo min: me zai sa in dinga juya taya da hannu? Na tayar, na sa giya ɗaya, na riƙe tsumma ina goge cen tana wucewa. Ko ƙiftawa ban yi ba haƙoran baya suka cafke tsumman suka ja hannuna. Allah ya sa tsumman ruɓaɓɓen singileti ne, ya yage. Farcen ɗan alina ne kawai ya tafi da ɗan naman bakinsa. A asibiti ma'aikacin da ya ɗaure min bai ma tambaye ni me ya faru ba, cewa ya yi "cen ko?" Nan na gane ba ni na fara ba.

Direban Zariya: Sannu ƙanena. Ni ruwan lagireto ne ya koya min hankali, kuma gaban fasinja. Na ɗauko mutane a Sharon daga Kano, mun wuce Kwanar Ɗangora allurar zafi ta fara hawa. Na gangara gefe. Mata suna mita, wani ɗan boko a gaba yana duba agogo yana tsaki. Ni kuma na san ƙa'ida sarai, a bar ta ta huce. Amma idon mutane ya sa na ce bari in nuna musu ni tsohon hannu ne. Na nannaɗe hulata a kan murfin na murɗa. Abin da na tuna kawai ƙara da farin tururi. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu fata ta saluɓe, kuma saura ƙiris ya same ni a fuska don na sunkuya a kai. Ɗan bokon nan da nake jin haushinsa shi ya kama hannuna ya dinga juye masa ledojin fiya wata, ya hana wata tsohuwa shafa min man goge baki.

Malamin Kimiyya: Allah ya ƙara kiyayewa, Yaya. Abin da ke faruwa shi ne murfin nan yana riƙe ruwan a matse, shi ya sa yake wuce digiri 100 bai tafasa ba, yana iya kai wa wajen 120. Kana murɗa murfin matsin ya tafi, sai ruwan ya tafasa gaba ɗaya lokaci guda. Hula ko tsumma ba sa hana komai, jiƙewa ma suke yi su manne wa hannu. Amma kada ku ɗauka don na iya bayani na tsira. Na taɓa tura Jincheng ɗina daga makaranta har kusan gida da tsakar rana, bayan na canza fulogi a hanya, na kwance kafireta na hura ta da baki, na ɗaure. Na tsaya wajen wani mai faci in huta, yaronsa da bai fi shekara goma ba ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya sa hannu ƙarƙashin tanki ya murɗa makullin mai. Bugu ɗaya ta tashi. Ashe ɗalibai ne suka rufe min. Yaron ya ce, "Malam, a ba da na ruwa." Na ba shi ban ko kalle shi ba.

Maman Biyu: To ga na mata, kada ku ce ba ma taɓa bonet. Maigida ya yi tafiya, fitilar birki ta kama a Corolla, na kira shi ya ce wataƙila mai ne ya yi ƙasa, in duba ƙaramar farar roba ta bayan inji. Na duba, ya yi ƙasa kuwa. Na shiga sito na ga ragowar baƙin mai a galan. Na ce ai mai mai ne. Na cika ta taf, fitila ta mutu, har na tura masa hoto ina alfahari, hoton robar ba na galan ba. Bayan 'yan kwanaki motar ta fara nauyi kamar ana riƙe ta, taya ɗaya tana wari. Bakanike ya buɗe murfin ya ga robarsa ta kumbura ta yi laushi kamar tuwo, ya ce, "Hajiya, wa ya yi wannan aika-aikar?" Na ce wani yaro ne a gidan mai. Allah na tuba. Sai da aka wanke layin birki duka aka canza masta, wato famfon birki, da duk wata roba da man ya taɓa. Har yau maigida yana tsine wa yaron gidan mai idan maganar ta taso, ni kuma in ce a dai yi masa addu'a.

Mai Golf Ja: Hajiya, fatan dai maigida ba ya cikinmu a nan.

Maman Biyu: Idan yana nan, to ga amsar tambayarsa ta shekara biyu.

Tsohon Bakanike: Hajiya kin yi arha. Man birki da baƙin mai ba dangi ba ne, robobin birki ba sa jure man inji ko kaɗan. Abin da aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, shi ake zubawa. Da a Hawan Kibo abin ya same ki da yara a baya, ba dariya za mu yi ba. Tunda an zo kan birki, ga wata da kusan kowane bakanike ya taɓa yi ko zai yi: ka canza birkin gaba, ka tura fistin baya don sabo ya shiga, ka manta ba ka tattaka feda ba kafin ka ja motar. Ni na yi ta da furfurata. Na sa ribas, na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa ba komai. Teburin mai shayin bakin garejinmu ne ya tsayar da ni. Ƙwai kiret biyu da gwangwanayen madara na biya, yarana kuma suka shige bayan wata akwala suna dariya a ɓoye.

Ɗan Rewaya: Ni zoben azurfa ne. Ina cikin kwance kawunan batir na fara da jan, sifana a hannu, zoben yana jikin sifana, ya taɓa ƙarfen da ke riƙe batir. Tartsatsi ya tashi, zoben ya yi zafin da ban iya kwatantawa, kuma ba ya fita don yatsa ya kumbura nan take. Da filaya aka datse shi. Tabon yana nan ya zagaye yatsan kamar an zana. Mutane suna raina batir wai bolt 12 ne, ba ya jan mutum. Gaskiya ba ya ja, amma wutar da ke juya inji ce, idan ta sami gajeriyar hanya ta ƙarfe sai ta gasa shi.

Ɗan Boxer: Oga, to wanne ake fara cirewa? Wani ya ce min duk ɗaya ne.

Ɗan Rewaya: Ba ɗaya ba ne. Baƙin ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, don shi ne ke haɗe da bodin mota. Da zarar ya fita, ko sifana ta taɓa bodi kana kwance jan ba abin da zai faru. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne, ka duba yatsunsa.

Na Bakin Kasuwa: Na daɗe ina karantawa, na rasa ko in rubuta, don nawa ba na dariya ba ne. Da damina ne, salansar Starlet ɗina ta saki tana jan ƙasa. Na ɗaga gefe ɗaya da ƙaramin jak ɗin nan na cikin but, a kan ƙasar da ruwa ya jiƙa da asuba, na cire tayar baya don in sami wurin shiga. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana zaune a kan tabarma a zaure yana kallona. Ya ce, "Kai, tura tayar nan ƙarƙashi." Na ce, "Baba, minti biyu ne." Ya sake faɗa, wannan karon bai ɗaga murya ba. Don kunyarsa kawai na shura tayar da ƙafa ta shige ƙarƙashin bodin, ina gunaguni a ciki. Na kwanta na shiga har ƙirji, na kama wani noti da ya yi tsatsa, na ja da ƙarfi. Ban ji ƙara ba. Gani na yi kawai cikin motar yana saukowa a hankali, jak yana nutsewa yana kwantawa gefe. Ta zauna a kan tayar nan. Tsakanin ƙarfe da ƙirjina bai fi faɗin yatsu uku ba, ina jin ɗumin salansa a kumatuna. Na kasa ihu, na kasa motsi. Ta ƙafa aka jawo ni. Baba bai ce "ban faɗa maka ba". Ya koma kan tabarmarsa ya ɗauki carbi, sai na ga hannunsa yana rawa har carbin yana ƙara.

Direban Zariya: Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Tsohon Bakanike: Amin. A garejina jak na ɗagawa ne kawai, ba ya riƙe mota a kan mutum. Kututture nake sawa. Bulon siminti ma na hana, na ga yadda yake fashewa ba sallama.

Mai Golf Ja: Amin ya Allah. Na gode muku duka. Ga ƙarin bayani kan nawa, tunda jiya lokacin juye ya sake zagayowa. Na kashe waya, na ɗaure notin ƙasa da makullin mota a leda ɗaya yadda ba zan iya tayarwa ban gan shi ba, na shafa wurin filta da yatsa kamar yadda Tsohon Bakanike ya ce. Komai ya tafi daidai. Na kai yara Islamiyya na dawo ina jin ƙauri, na buɗe bonet: murfin sama ne na bari a kan batir, mai ya fantsame ko'ina. Akwai wanda ya san abin da ke fitar da baƙin mai daga soson cikin bonet?