Ana kwafe manhajata a filasha, in kai ƙara ko in sake ta kyauta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Akwai manhajar lissafin kaya da na rubuta wa shagunan magani. Tana rubuta abin da ya shigo da abin da aka sayar, tana gargaɗi idan wa'adin magani ya kusa ƙarewa, tana buga rasit. Da yaren rubuta manhaja na C# na yi ta, bayanan suna cikin ma'ajiyar bayanai ta SQLite, ba ta buƙatar intanet saboda ba kullum shagunan ke samu ba. Sau ɗaya ake biya, in ɗora, in koya wa yaron shago. Ban saka mata mabuɗi ba, wato lambar lasisin da ke hana ta aiki a wurin wanda bai biya ba. Yanzu wani mai gyaran kwamfuta yana kwashe ta a filasha yana ɗora wa mutane, har ya goge sunana daga shafin farko. Idan ta tsaya kuma ni ake nema. Shekara nawa doka ta ba ni a kanta? Kuma abin da ake kwafa cikin minti biyu, wace daraja ta rage masa?

Barista: Wa alaikumus salam. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta lissafa manhaja cikin rubutattun ayyuka, don haka kana da kariya iya rayuwarka da shekara 70 bayan rasuwarka. Haƙƙin ya tabbata tun ranar da ka rubuta, ba sai da rajista ba, amma rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana ƙara maka hujja. Ka adana tsoffin kwafin kod ɗinka, wato rubutun umarnin da ka gina manhajar da shi, masu kwanan wata da rasit ɗin masu saye, ka samo kwafi ɗaya na wadda ya ɗora, sannan lauya ya rubuta masa takardar gargaɗi. Abin da doka ke karewa shi ne rubutun kod ɗin. Wanda ya ga yadda take aiki ya zauna ya rubuta tasa, babu ruwanka da shi. Amma ba ka faɗa mana ba: don kanka ka rubuta, ko wani ya biya ka? Akwai yarjejeniya a rubuce?

Injiniya: Barista, da girmamawa, shekara 70 ɗin nan ba ta da wani amfani ga manhaja. Littafi ana karanta shi bayan ƙarni, manhajar shago kuwa cikin shekara goma Windows ta sauya, na'urar buga rasit ta sauya, ta mutu. Dokar Ingila ta 1710 shekara 14 ta bayar, ta Amurka ta 1790 ma 14 ce da damar sabuntawa sau ɗaya. Ko wanda ya ƙirƙiro sabon inji shekara 20 yake samu. Amma a Amurka tun 1998 aikin kamfani shekara 95 ne. Wa wannan ya amfana? Tsoffin manhajoji suna ruɓewa, mai su ya daina sayarwa, kai kuma ba ka da ikon gyarawa. Ni a wurina shekara goma ta isa, daga nan a buɗe kod ɗin.

Ƙanena, matsalarka ba ta kotu ba ce, salon sayarwarka ne. Kwafi na dubu bai ci maka ko sisi ba, shi ya sa farashinsa ke faɗuwa. Abin da ba ya kwafuwa a filasha shi ne kai: gyara, sabuntawa, ceto bayanai idan kwamfuta ta ƙone. Ka koma kuɗin shekara-shekara. Ka haɗa lambar madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, da ta rumbun ajiya ka fitar da shaidar na'ura, ka sa wa fayil ɗin lasisi hannu da mabuɗin sirri da ke wurinka kaɗai, manhajar ta riƙa tantancewa da mabuɗin fili, wato abokinsa da ke duba sa hannun amma ba ya iya yin sa. Idan lamba ɗaya ta sauya ka bar ta ta yi aiki, in ba haka ba duk wanda ya canza rumbu zai kwana yana kiranka. Ka riƙa ajiye kwanan watan buɗewa na ƙarshe, don za su mayar da agogo baya.

Mai tambaya: Injiniya na gode, amma masu shagunan nan ba sa son biyan shekara. Da gangan na bar ta babu mabuɗi, ba na son a tsaya da layin masu sayen magani saboda lasisi.

Hajiya mai kod: To ka yi gaskiya a nan. Kuma a sani, kod ɗin C# da wata manhaja mai suna ILSpy ake buɗe shi kusan yadda aka rubuta, layin tantancewar kawai za a cire. Mabuɗi yana tsayar da mai gyara ne, ba gwani ba. Idan wa'adin lasisi ya ƙare kada ka kulle musu bayanai, ka bar sayarwa da duba kaya, ka rufe rahoton wata kawai. Akwai kuma tsaka-tsaki: lasisin BSL na kamfanin manhaja MariaDB, inda kod ke komawa buɗaɗɗe cikin shekara huɗu ko ƙasa da haka. Kai ka yanke wa kanka wa'adin da doka ta ƙi yankewa.

Barista: Rage wa'adin haƙƙin mallaka ba a hannun majalisarmu kaɗai yake ba. Yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka ta sa mafi ƙaranci rayuwa da shekara 50, yarjejeniyar kasuwanci ta TRIPS ta 1994 kuma ta shigar da manhaja ciki. Sannan ko GPL, lasisin buɗaɗɗen kod, da haƙƙin mallaka take tsaye. Mai tambaya, har yanzu ina jiran amsarka kan ko akwai yarjejeniya a rubuce.

Injiniya: Yarjejeniyar Berne mutane suka rubuta, ana iya sake ta. Kuɗin lauya da zaryar kotu za su fi abin da zai karɓo daga mai gyara.

Mai tambaya: Barista, mai shago na farko ne ya ba ni kuɗin somawa, amma magana ce ta baki, kuma ni na san tawa ce. Kotu dai ba na so, mabuɗi ma ban gamsu ba. Abin da ke ci mini rai sunana da ya goge. Idan na buɗe kod ɗin, me zai hana shi sake gogewa?